RAV4 ta 2015 a hanyar Ejura: inda ta isar mini da inda ba aikinta ba ne

Duk wanda ya tare ni a unguwar Aboabo ta Kumasi, a nan Ghana, da tambayar wace jif zai saya, kafin in ba shi amsa sai na tambaye shi hanyar da yake bi. Mutumin da zirga-zirgarsa ba ta wuce Adum da Kejetia da kai yara makaranta, sai Accra jefi-jefi, bukatarsa daban take da ta mai shiga ƙauyukan bayan Ejura a tsakiyar damina. Ni a tsakani nake, kuma motar da na tsaya a kanta ita ce Toyota RAV4 ta 2015, mai jan ƙafa huɗu, wadda aka yi amfani da ita a waje kafin a shigo da ita. Na gamsu da ita. Amma akwai mutanen da ba zan ba su shawarar su saye ta ba, zan kuma faɗi dalili.

Sana'ata hatsi: masara, wake, gyaɗa. Manyan motoci ne ke ɗauko kayan, amma ni ba na biyan kuɗin masarar da ban zura hannu cikin buhunta ba, ban ciji ƙwayarta na ji ko ta bushe ba. Don haka hanyata ita ce Kumasi zuwa Mampong zuwa Ejura, wani lokaci Atebubu, wani lokaci Techiman. Dangin Hajiya, uwargidana, kuma suna Salaga. Idan biki ko rasuwa ta taso, ko dai mu zaga ta Tamale, ko mu miƙe Yeji mu shiga jirgin fito da motar zuwa Makango. Ƙaramar motar da nake da ita a da ta yi ƙoƙari, sai dai cikinta ya gaji da gugar tudun rage gudu, waɗanda kowane gari a ƙasar nan ya jera wa kansa.

Da farko zuciyata Prado take so, kamar kowa. Ba son banza ba ne. Prado a kan firam ɗin ƙarfe aka ɗora jikinta irin na motar kaya, ƙafafunta huɗu suna ja kullum, tana da ƙaramar giyar fita daga taɓo, kuma tsakanin cikinta da ƙasa ya haura santimita 20. Hanyar da tarakta ta farfashe ba ta dame ta ba. Amma da na zauna da biro da takarda, sai na ga kuɗin Prado mai lafiya zai cinye jarin da nake sayen masarar kaka da shi, ga mai, ga tayoyinta masu tsada. Akwai kuma abin da ba a rubutawa a takarda. A Zango, mota tana magana kafin mai ita ya buɗe baki. Ranar da ka faka Prado ko Land Cruiser V8 a ƙofar gidan suna, an ƙara maka matsayi a lissafin gudummawa, manomin da kake ciniki da shi a ƙauye ma ya ƙara wa buhunsa kuɗi. Wanda Allah ya hore wa, wannan ba komai ba ne. Ni ban kai can ba.

Hajiya kuwa Highlander ta nace a kai, kuma hujjarta mai ƙarfi ce: kujera layi uku, a ɗauki yara da Inna da ɗan kaya a tafi Salaga a mota ɗaya. Na tuƙa ta wani abokina, ban ga abin kushewa ba. Shiru a ciki, laushi a kan hanya, ƙarfi ba a magana. Abin da ya raba ni da ita injin ne. Yawancin waɗanda ke shigowa nan filogi shida ne, lita 3.5, kuma a tashar jiragen ruwa ta Tema injin fetur da ya wuce 3000cc yana faɗawa matakin harajin kwastam na sama. Masu irin waɗannan motoci ba su manta da harajin motocin alfarma da aka ɗora wa manyan injina a 2018 ba, kafin a soke shi a 2019. An soke, amma gidan mai bai soke nasa ba. Tafiyar da za mu cika kujera bakwai ba ta da yawa a shekara, ni kuwa kusan kowane mako ina hanya ni kaɗai ko da yaron shago ɗaya. Muka yi yarjejeniya da Hajiya cewa duk tafiyar da ta fi ƙarfin kujera biyar, manyan yaran su bi bas.

Wadda ta yi kusan kayar da RAV4 a wurina ita ce Honda CR-V. Bayanta da faɗi, kujerunta da daɗin zama, kuma a ido ta fi kyau. Wanda zai saye ta ya lura da shekara. Waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka daga 2012 zuwa 2014 injin lita 2.4 ne da giya biyar ta gargajiya. Daga 2015 aka koma giyar CVT, wadda ba ta da matakan giya irin na gargajiya, daga 2017 kuma aka kawo ƙaramin injin lita 1.5 mai turbo. CVT ba aibi ba ce, har ma tana rage shan mai. Sai dai man giyarta nata ne na musamman, kuma masu iya buɗe ta su mayar daidai ba su kai yawan masu iya tsohuwar giya ba. Da na samu CR-V ta 2014 mai tsabta a lokacin, da wataƙila labarinta nake bayarwa yanzu.

Hyundai Santa Fe da Kia Sportage sun fi sauƙin kuɗi, kuma a kuɗi ɗaya sun fi ba ka kayan ƙawa: kujerar fata, rufin gilashi, babban allo. Maƙwabcina yana da Santa Fe, bai taɓa yi mini kukanta ba. Abin da mai saye zai sani shi ne a 2017 Hyundai ya yi kiran wasu Santa Fe Sport na 2013 da 2014 a Amurka saboda matsalar inji. Da lambar cesis ana iya dubawa a intanet ko motar na cikinsu, da ko an yi mata gyaran. Sababbi fil kuwa, irin Tiguan da Volkswagen ya fara haɗawa a Accra a 2020, ko Onantefo ta Kantanka, na kalla na wuce, aljihuna bai kai ba.

Gaskiyar magana, wanda ya yanke hukunci shi ne mastana na Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, dattijon da ya daɗe yana duba mini mota. Da na jera masa sunayen, bai yabi ko ɗaya ba. Cewa ya yi: "Alhaji, ka sayi wadda in ta tsaya maka a Atebubu da magariba, yaron makaniki na bakin hanya zai san inda zai sa hannu, kuma in ya kira ni zan samu kayanta a layin nan kafin in gama shan koko." A kan wannan ma'auni RAV4 ba ta da abokin gasa a cikin ƙananan jif. Injinta dangin na Camry ne, Camry kuwa ta cika gari. Abin da babu a Magazine, waya ɗaya za a yi Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, a sa shi a bas, gobe ya iso.

Amma sunan mota rabin magana ne. Sauran rabin shi ne ita wannan ɗin da ke gabanka, me ya same ta kafin ta hau jirgi. Da yawa daga cikin motocin da ke jere a garejin sayarwa daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka suka fito, irin Copart da IAA. Wata ɗan bugu kaɗan ta samu, wata gabanta ya tafi gaba ɗaya aka sake haɗawa, wata ambaliya ta shanye ta. Duk an yi musu fenti, duk suna ƙyalli.

A wani gareji, ba zan faɗi wurin ba, ba zan kuma faɗi kirar motar ba, aka nuna mana wata baƙa wuluk, ciki na ƙamshin turare. Ni har na fara tunanin abin da zan taya. Masta bai ko buɗe bonet ba. Ya zauna a kujerar baya, ya jawo bel ɗin ɗaura jiki a hankali har ƙarshensa. A can ƙasa, wurin da ke naɗe a ciki, akwai layi mai launin ƙasa, sama da shi tsaf, ƙasa da shi dabbare-dabbare. Ya sauka ya ɗaga dardumar ƙarƙashin kujerar direba, ya shafa da yatsa, ya fito da busasshiyar laka mai laushi. Ƙarafunan da kujera ke gudu a kai sun yi ja da tsatsa.

"Alhaji, ɗan matso ka gani."

"Lafiya, Masta?"

"Wannan ta kwana a ruwa. Yau za ta tashi, gobe za ta tashi, amma wayoyinta sun riga sun fara ruɓewa. Wata uku ka dawo mini gilashi ba ya sauka, esi na yin abin da ya ga dama."

Dillalin ya rantse wurin wanki ne yara suka zuba ruwa da yawa. Muka ce Allah ya kawo kasuwa, muka fita.

Ita RAV4 ɗin da na saya, ga yadda aka bi ta. Lambar cesis, wato VIN, baƙi da lamba 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ƙofa. Masta ya tabbatar duka biyun sun yi daidai da ta takarda. Tawa da 2T3 ta fara, alamar a Kanada aka ƙera ta. Waɗanda aka ƙera a Japan da J suke farawa. Ɗana ya sa lambar a waya, sai ga hotunanta na wurin gwanjo: an buge ta a ƙofar baya ta hagu, gaba lafiya, jakar iskar sitiyari ba ta fashe ba. Mai motar ma bai ɓoye ba, tun farko ya nuna mana ƙofar. Wannan ya sa na saki jiki da shi. Daga nan Masta ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya ƙirga fitilun da suka kama a gaban direba. Dole fitilar inji da ta jakar iska da ta birki su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, ana iya cewa wani ya rufe bakinta. Ya jona na'urar bincike, sannan muka kai ta kan rami. A ƙasashen sanyi gishiri ake watsa wa titi saboda ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarfe, don haka ya bi ƙarƙashinta da tocila yana ƙwanƙwasawa.

A ramin nan ne ya nuna mini abin da nake so kowane mai sayen jif ya sani. Ba kowace RAV4 ko CR-V ko Highlander ke jan ƙafa huɗu ba. Da yawa ƙafafun gaba kawai ke ja, jiki ne irin na jif. Rubutun AWD, alamar jan ƙafa huɗu, a bayan mota kuwa da gam ake manna shi, kowa na iya saye. Ka sunkuya ka duba: idan akwai doguwar sandar ƙarfe da ta taso daga gaba zuwa wani ƙullutu tsakanin tayoyin baya, to gaskiya ne. Idan babu, kada ka biya kuɗin abin da ba ka samu ba. Mai yawon cikin gari ba ya ma bukatarta, mai jan gaba ta fi sauƙin mai da gyara. Haka kuma awon tafiya: motar Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, saboda haka 100,000 da ka gani 160,000 ne a namu lissafin.

To, yaya zama da ita? Injin lita 2.5 ne, filogi huɗu, giya shida mai canza kanta. Sarƙa ce a cikin injin maimakon bel, don haka babu fargabar bel ya tsinke a hanya. A hawan dutsen Mampong, da mutum huɗu da esi a kunne, tana saukar da giya ta ɗaga murya, amma ba ta taɓa sa ni jin kunya a bayan babbar mota ba. Tankinta lita 60 ne. Kumasi zuwa Tamale ta Techiman da Kintampo da Buipe wajen kilomita 380 ne, kuma in na cika a Suame ina shiga Tamale da saura mai kyau. A cunkoson Tafo da Kejetia tana sha fiye da ƙaramar mota, wannan kowa ya sani, amma ba irin shan da ke sa mutum ya ajiye mota ya hau pragya, keke mai ƙafa uku, ba. Kujerun baya suna kwantawa kusan daidai da but. Na sha shimfiɗa tabarma a nan in ɗan miƙe a Ejura kafin masu awo su gama. Tudun rage gudu kuwa na daina jin tsoronsa.

Yanzu inda ba aikinta ba ne. RAV4 ba motar daji ba ce, kuma ba a ƙera ta don haka ba. Tsakanin cikinta da ƙasa wajen santimita 16 ne kawai. A kan jar hanya mai gargada tana tafiya lafiya. Amma inda tarakta da motocin gawayi suka haƙa kwari biyu suka bar tudu a tsakiya, dole ka ɗora taya a kan tudun ka bi a hankali, in ba haka ba cikinta zai zauna. Akwai maɓallin da ke kulle jan ƙafa huɗu, yana aiki har gudun kilomita 40 a awa, daga nan ya saki kansa. Ya fitar da ni daga santsin laka ba sau ɗaya ba. Amma ba ta da ƙaramar giya irin ta Prado. Akwai ƙauyukan da in ruwan Satumba ya sauka, a bakin kwalta nake barinta in hau babur.

Safayar da ke zuwa da na Amurka 'yar siririya ce, ta kai ka wurin mai faci kawai. A Kumasi wannan ya isa, a tsakanin Atebubu da Yeji bai isa ba. Na sayi cikakkiyar taya da rim, lamba 225/65 R17, ina jefa ta a but duk ranar doguwar tafiya, ta kuwa ci wuri. Masu zama a baya ba su da ƙofar iskar esi tasu, sai wadda ta zo daga gaba. A zafin Maris na arewa Inna tana jin wannan, shi ya sa ita ke zama gaba, Hajiya ta koma baya da yara. A kan kwalta mai kaushi kuma ƙarar taya na shigowa ciki. An rage wannan a gyaran fuskar da aka yi mata a 2016, saboda haka wanda kuɗinsa ya kai 2016 zuwa 2018 ya fi ni morewa. Sannan kada faɗin but ya ruɗi ɗan kasuwa. Buhu ɗaya ko biyu na samfur, to. Wanda ya mayar da ita motar dakon masara zai riƙa sayen shokazoba kamar goro.

Wajen kula da ita, abu uku Masta ya kafa mini. Baƙin mai 0W-20 ne aka rubuta a murfin injin, kuma a wurin da aka amince da shi za a saya, shi da matatarsa, domin jabu ya yi yawa a kasuwa kuma kwalinsu iri ɗaya. Giyarta ba ta da sandar awo, manta kuma nau'in WS ne, don haka ba kowane yaro za a bari ya ɗura mata abin da ya samu ba. Da hunturu kuma a riƙa ciro matatar iska ana dubawa, musamman bayan tafiyar arewa. Ranar farko da ya buga tawa a jikin taya, jar ƙurar da ta tashi sai da muka ja baya.

Takardu ma kada a yi wasa da su don ana ganin ido. Motar da ta haura shekara goma da ƙerawa kwastam na ɗora mata tarar tsufa, don haka mai niyyar yin odar 2015 daga waje yanzu ya sa wannan a lissafi, ko ya nemi wadda ta riga ta shigo. Harajin da dala ake auna shi, wanda ya ga yadda sidi ya faɗi a 2022 ya san abin da hakan ke nufi ga motar da ke kan teku. A ga takardar biyan kwastam, a tabbatar lambar cesis ɗin da ke kanta ita ce ta motar. Hukumar EOCO mai binciken laifukan kuɗi ta sha kama motocin da aka sato daga Amurka da Kanada aka sayar a nan, kuma wanda aka samu motar a hannunsa shi ke asara, ko da da kuɗinsa na halal ya saya. Arha mai yawa a mota mai tsada abin tsayawa a yi tambaya ne. Idan mai rajista ce, ku je DVLA, hukumar rajistar motoci, tare da mai ita a mayar da suna, kada ka yarda da "Alhaji ai mun zama ɗaya, ko yaushe ma a yi". Mai duba maka mota kuma kai za ka kawo shi, kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya ce ya sani ba.

Kawuna da ke sayen doya da shanu a bayan Yeji ya ga tawa ya ce in nemo masa irinta. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, wannan ba taka ba ce." Hanyarsa rabin shekara laka ce, kuma ba ya tafiya sai da mutane da kaya. Shi Fortuner ta dace da shi, wadda aka gina a kan firam ɗin Hilux, mai kujera bakwai, ko ma Hilux ɗin kanta, wadda Toyota ta fara haɗawa a Tema a 2021. Za ta girgiza shi a kan kwalta fiye da tawa, za ta kuma fi cin kuɗi. Mun sa rana bayan kasuwar Ejura mu je da Masta mu duba wata mai dizal da aka ce tana wajen Sofoline.